Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin PlayStation: in faifai zai tafi, kada ya tafi da haƙƙinmu

Zuwa ga shugabannin kamfanin Sony Interactive Entertainment,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mai rubuto muku wannan takarda ɗaya ne daga cikin masu buga gem a arewacin Najeriya, irin waɗanda suka taso da PS2 a shagunan unguwa. Da Hausa na rubuta domin waɗanda abin ya fi shafa a nan su karanta su gane, ku kuwa ba ku rasa tafinta ba.

Maganata ɗaya ce. Kun ɗauki hanyar raba mutane da faifai, kuna tura kowa ga sauke wasa ta intanet, kuma wannan a karan kansa ba laifi ba ne. Abin da ya dame ni shi ne akwai haƙƙin da ke tafe da faifan tun asali, wato mutum ya sayar da abin da ya saya, ko ya ba da aronsa, ko ya kyautar da shi. Da kuka kwashe mu zuwa shagonku na intanet sai kuka baro wannan haƙƙin a baya, ba sanarwa, ba jin ta bakin kowa.

Alhali ku kuka fi kowa sanin darajarsa, don da shi kuka ci kasuwa. A watan Yunin 2013, gab da baje kolin wasannin gem na E3 a birnin Los Angeles, kamfanin Microsoft ya zo da tsarin da zai ɗaure na'urarsa ta gem, Xbox One: dole na'ura ta leƙa intanet sau ɗaya a kowace awa 24, sayar da wasa na hannu kuma sai ta dillalan da aka amince da su, in kamfanin da ya fitar da wasan ya yarda. Ranar 10 ga wata sai Jack Tretton, shugabanku na reshen Amurka a lokacin, ya hau dandamali ya shaida wa duniya cewa duk wanda ya sayi faifan PS4 yana da ikon ya sayar, ya musanya, ya ara wa abokinsa, ko ya ajiye abinsa har abada. Zauren ya kaure da tafi da sowa. Ba ku tsaya nan ba, kuka saki ɗan bidiyon nan da bai kai rabin minti ba, wai na koya wa mutane yadda ake ba da aron wasa a PS4: jami'inku Shuhei Yoshida ya miƙa wa abokin aikinsa Adam Boyes faifai, shi kuma ya karɓa ya yi godiya. Iyakar darasin ke nan. Kwana tara bayan haka Microsoft ya janye tsarinsa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. PS4 ta sayu fiye da miliyan 117.

To, a duba inda aka kwana daga wancan lokacin. A Nuwamban 2020 kuka fito da PS5 iri biyu, mai cin faifai a dala 499, marar ci a dala 399. A 2023 kuka rage mata jiki, injin karanta faifan ya zama abin da ake iya cirewa a kuma saya daban a kusan dala 80, sannan ba zai fara aiki ba sai an haɗa shi da intanet an yi masa rajista da na'urar. A Nuwamban 2024 PS5 Pro ta fito a kusan dala 700, wadda ta fi kowace tsada, ita ma babu injin faifai a cikin kwalinta. Alƙalumanku na shekarun nan sun nuna fiye da kashi 70 cikin 100 na cikakkun wasannin da ake saya a PlayStation na saukewa ne. Na san za ku ce mutane ne suka zaɓa. Gaskiya ne da yawa sun fi son haka, ba tashi canza faifai, ba fargabar ya karce. Amma wanda ya rage dala 100 a kan na'ura ɗaya ya kuma mayar da injin faifai kayan ƙari, ai yana da hannu a zaɓin.

Akwai kuma wani mataki da bai yi amo ba, ya kuwa fi waɗannan nauyi. A watan Afrilun 2019 kuka hana shagunan waje sayar da lambobin sauke cikakkun wasanni. Tun daga ranar, wanda na'urarsa ba ta cin faifai shago ɗaya tak yake da shi a duk duniya, naku. Babu wani ɗan kasuwa da zai karya farashi don ya ja masu saye, babu na hannu, babu ciniki. Abin da kuka rubuta shi za a biya, ko a jira ranar da kuka ga dama kuka yi rangwame. Kwafin da ake saukewa ba a buga shi a masana'anta ba, ba a sa shi a kwali ba, bai hau jirgi ba, dillali bai ci riba a kansa ba, amma ranar fitowarsa dala 70 ne, daidai da faifai. Bayan 'yan watanni faifan yakan sauko a kasuwa, shi kuwa sau da yawa yana nan inda yake. A kan wannan ne Alex Neill, mai fafutukar kare masu saye, ta shigar da ƙara a Ingila a 2022, a madadin masu saye kusan miliyan 9, tana zargin kason kashi 30 da kuke karɓa ya sa mutane biyan fiye da ƙima, kuma a Nuwamban 2023 kotun sauraron ƙararrakin gasar kasuwanci ta ce a ci gaba da shari'ar. Zargi ne, kun kuma musanta, ban zo yanke hukunci a kansa ba.

Ban kuma zo da barazanar doka ba, don na san a batun sake sayarwa galibin hukunce-hukuncen suna gefenku. A 2012 Kotun Tarayyar Turai ta yanke, a shari'ar UsedSoft da Oracle, cewa wanda ya sayi manhajar kwamfuta ta saukewa yana iya sayar da lasisinsa. Mutane suka yi zaton wasanni ma sun shiga. Ƙungiyar kare masu saye ta Faransa, UFC-Que Choisir, ta kai kamfanin Valve mai shagon Steam kotu a kan haka, ta yi nasara a Paris a 2019, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a 2022, kotun ƙoli ta tabbatar da rushewar a Oktoban 2024. Hujjar ita ce wasa ba manhaja ba ce zalla, akwai zane da kiɗa da labari a ciki. To, an ji. Sai dai abin da kotu ta ce shi ne ba a tilasta muku ba. Ba ta hana ku ba.

Jihar Kalifoniya kuma, inda hedkwatarku take, ta bi ta wata hanyar. Dokar da Gwamna Gavin Newsom ya sa wa hannu a Satumban 2024, ta fara aiki farkon 2025, ta ce shagon intanet ba zai ce wa mutum saya ba alhali lasisi yake ba shi, sai ya bayyana masa haka ƙarara. Har sai da aka yi doka kafin a faɗa wa mai saye gaskiyar abin da yake biya.

Gaskiyar kuwa mun riga mun gan ta a aikace. A 2022 masu PlayStation a Jamus da Austiriya sun wayi gari finafinan StudioCanal da suka biya kuɗi suka saya an cire su daga ma'ajiyarsu. A Disamban 2023 kuka sanar za a yi haka da shirye-shiryen Discovery, sai da mutane suka yi ca kafin kuka sabunta yarjejeniya kuka fasa. A 2021 kun ce za ku rufe shagunan PS3 da Vita, nan ma hayaniya ce ta sa Jim Ryan, shugabanku na lokacin, ya fito ya janye. Nintendo bai janye ba, ya rufe na 3DS da Wii U a Maris 2023, Microsoft ya rufe na Xbox 360 a Yulin 2024. Na yaba da lokutan da kuka saurara. Amma duk abin da sai an yi kururuwa ake bar wa mutum shi, ba nasa ba ne, kayan aro ne, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Yanzu bari in zo gida, don nan ne ba na jin kuna gani daga hedkwatarku ta San Mateo ko daga Tokyo.

A duk nahiyar Afirka, ƙasa ɗaya ce ke da shagon PlayStation a hukumance, Afirka ta Kudu. Babu Najeriya a jerin ƙasashen da ake zaɓa wajen buɗe asusu, babu Nijar, babu Ghana, babu Kamaru ko Chadi. Saboda haka yaron da ya sayi PS5 a Kano ko Maraɗi, in yana son shiga shagonku, dole ya ce yana zaune a Amurka ko Ingila ko Dubai, ya nemo adireshin da bai taɓa takawa ba ya rubuta. Ƙa'idojinku sun ce a ba da bayanin gaskiya, kuma ƙasar da aka zaɓa ba ta canzuwa daga baya. Wato tun ranar farko yana kan saɓa yarjejeniya, ba don son ransa ba, kuma duk wasan da ya saya yana rataye ne a jikin asusun da kuke da ikon rufewa. Ba ku cika rufewa saboda wannan ba, na sani. Amma duniya ta ga yadda lamarin ke da rauni a watan Mayun 2024, lokacin da aka ce masu buga Helldivers 2 a kwamfuta sai sun haɗa da asusun PSN, wato asusun PlayStation na intanet, aka kuma ɗauke wasan daga Steam a ƙasashe da yankuna sama da 170 da ba su da rajistar, kusan duk Afirka na ciki. Cikin 'yan kwanaki kuka soke sharaɗin.

Sai batun biya. Katin banki na Naira ya yi shekaru ba ya aiki a shagunan waje kafin 2025, ko da yana aiki ma shagonku yana son katin ƙasar da asusun yake. Don haka sai a sayi katin PSN a hannun 'yan kasuwa, da dala, da ribarsu a kai. A 2025 dala tana kai-komo a wajajen Naira 1,500, wato sabon wasa na dala 70 ya haura Naira 100,000, alhali mafi ƙarancin albashi a ƙasar Naira 70,000 ne. Bayan an biya, saura saukewa: manyan wasannin yanzu suna kaiwa gigabayit 100 ko fiye, a ƙasar da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, a gidan da wuta kan ɗauke ana tsakiyar saukewa.

Duk da haka PlayStation ta cika garuruwanmu. Ta yaya? Ta hannun 'yan gwanjo. Na'urori da fayafayan da Turawa da Amurkawa suka gama da su ne ake lodowa, su sauka Legas, su bi ta Alaba, su iso Sabon Gari da sauran kasuwannin arewa. Faifai ɗaya sai ya zaga hannu biyar. Wanda ya gama wasa ya mayar wa mai shago, ya yi ciko ya ɗauki wani. Abokai uku su haɗa kuɗi su sayi ɗaya su riƙa karɓa-karɓa. Mai gidan gem ya sayi na ƙwallon bana, ya sayar da na bara ga wanda ƙarfinsa bai kai ba. Ba ku kashe ko sisi wajen talla a Gusau ko Damagaram ba, amma duk wata na'urar gem a can PS ake ce mata. Kasuwar na hannu ce ta yi muku wannan aikin, kuma yaran da suka fara da faifan da ya sha hannu su ne yau, da suka kama sana'a, suke sayen sabuwar na'ura da katin PS Plus, tsarinku na biyan kuɗin wata ko shekara. In PS ta gaba ta zo ba faifai, ba kuma hanyar sake sayarwa, wannan ƙofar ce za ta rufe. Na'urar za ta iso a gwanjo kamar kullum, sai dai za ta iso fayau, babu wasan da zai biyo ta.

Kun san da wannan kasuwa. A 2023 uwar kamfaninku ta ware dala miliyan 10 don zuba jari a harkar nishaɗi a Afirka, da Najeriya da Ghana cikin ƙasashen da aka ambata, a farkon 2024 kuma ta sa kuɗi a kamfanin wasanni na Carry1st. Ga jari ya shigo, shago bai shigo ba.

Abin da ke cike gurbin yanzu ba zai yi muku daɗin ji ba. Akwai masu buɗe na'ura su loda mata wasannin sata, ban kuma goyi bayansu ba. Akwai kuma cinikin asusu: mutum ya sayi wasa sau ɗaya, ya sayar wa wani gurbin farko, ya sayar wa wani na biyu, kowa ya shiga da kalmar sirri ɗaya. Wannan ai sake sayarwa ce, sai dai a ɓoye, ba kariya. Ranar da mai asusun ya canza kalmar sirri, wanda ya biya ba shi da inda zai kai kuka, don shi kansa cinikin ya saɓa ƙa'ida. Mutane ba su daina buƙatar sayar da abin da suka gama da shi ba, hanyar halal ɗin ce aka toshe.

Na san hujjar masu ƙirƙirar wasanni, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa faifan da aka sake sayarwa ba ya kawo musu ko kwabo, alhali wasa ɗaya yana cin ɗaruruwan miliyoyin dala da shekaru biyar ko shida na aiki. Suna kuma cewa kwafin dijital ba ya tsufa, ba ya karcewa, don haka na hannu da sabo duk ɗaya ne, wa zai sayi sabo? Amsata a kan ta farko: da yawa daga masu biyan dala 70 ranar fitowa suna biya ne don sun san za su mayar su sami rabin kuɗinsu, kuɗin kuma wasa na gaba yake tafiya. Kamfanin Honda ba ya karɓar komai in ɗan acaɓa ya sayar da babur ɗinsa, amma sanin cewa babur ɗin zai sayu gobe yana cikin abin da ke sa a saye shi yau. A kan ta biyu kuwa, a nan ne dijital ya fi muku faifai. Cinikin faifai a bayan idonku ake yin sa. Cinikin lasisi dole ta shagonku zai bi, kuna iya yankar kasonku, ku ba mai wasan nasa, kuna iya cewa sai wasa ya yi wata shida ko shekara da fitowa, kuna iya ƙayyade sau nawa lasisi ɗaya zai canza hannu. A karon farko mai ƙirƙira zai ci daga kasuwar na hannu.

Ba kuma fasaha ce ta gagara ba. Shi kansa tsarin Microsoft na 2013 da kuka yi wa dariya yana ɗauke da hanyar miƙa wa aboki lasisi sau ɗaya, da raba wasanni da mutum goma na gida. Sharuɗɗan da aka ɗaura masa ne suka kashe shi. Steam ya buɗe tsarin iyali na mutum shida a 2024. Nintendo ya fito da katin wasa na dijital da ake ara wa ɗan gida na kwana 14, sannan a na'urarsa ta Switch 2 ya kawo katin da ba wasa a cikinsa sai mabuɗin saukewa. Mutane da yawa sun soki wannan katin, ni ma ban so shi ba saboda datar da yake ci, amma yana da abu ɗaya: ba a ɗaure shi da asusu ba, ana iya sayar da shi. Ya nuna ana iya raba haƙƙin mallaka da inda bayanan wasan suke zaune.

Kada kuma a ɗauka ina ganin faifan yau tsarkakakke ne. An daɗe da fara ƙwaƙule shi. Faifan Call of Duty: Modern Warfare II na 2022 megabayit 72 kacal aka samu a cikinsa, a faifan da ke iya ɗaukar gigabayit 100. Wasan tseren mota The Crew kuwa, da Ubisoft ya kashe kwamfutocin da yake dogara da su a ƙarshen Maris 2024, mai faifai da mai saukewa duk tare suka rasa shi. Wannan ne ya haifar da gangamin Stop Killing Games da Ross Scott ya fara, wanda takardar kokensa ga Tarayyar Turai ta tara sa hannu fiye da miliyan ɗaya a 2025. Ku ne masu buga tambarinku a kan kowane kwali, kuna da ikon sa wa kamfanoni sharaɗi. Mai saye a kasuwar Sabon Gari yana ɗaukar faifai ne don ya tsira daga saukewa. In kwalin fanko ne, a rubuta masa a gaba da manyan baƙaƙe, da adadin gigabayit ɗin da ke jiransa, ba a ƙasan baya da rubutun da sai an sa tabarau ba.

Akwai wata tambaya da nake so lauyoyinku su amsa a fili. Mutum ya shekara goma sha biyar yana sayen wasanni a asusu ɗaya, kuɗin da ya zuba ya kai na fili a wani garin. Ya rasu. A wurinmu duk abin da mamaci ya bari, komai ƙanƙantarsa, ana lissafa shi a raba wa magada. Ƙa'idarku ta ce asusu ba ya canza hannu. Ma'aikatan Steam sun riga sun faɗa a 2024 cewa nasu ba a yin wasiyya da shi. Ku fa?

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinku ba. Ku buɗe hanyar da mutum zai miƙa lasisin wasan da ya saya ga wani asusun, ta sayarwa ko kyauta ko gado, da kasonku a ciki in ciniki ne. Kafin wannan ta tabbata, kada ku fitar da PlayStation da ba za a iya sa mata injin faifai ba, kuma injin ya yi aiki ba sai ya nemi izinin intanet ba. Ku mayar wa shagunan waje damar sayar da lambobin wasanni, ko a sami masu karya farashi. Sannan ku sa Najeriya da maƙwabtanta a jerin ƙasashenku, a biya da Naira da Sefa da Sidi, ku kuma ba waɗanda suka buɗe asusu da adireshin aro dama sau ɗaya su mayar da shi ƙasarsu ta gaskiya ba tare da sun rasa wasannin da suka biya ba.

Ku huta lafiya.

Naku,
Wani mai buga gem daga Kano